Ɗakin karatu da wayar salula: yadda intanet ke sauya karatu da zaman yau da kullum a Gazawa, Agye da Gidan Rumji

A garuruwan jahar Maraɗi, wurin da ya fi ko'ina tara abin karantawa da abin saurare a yau shi ne wayar da ke cikin aljihu. A cikinta ɗalibi ke neman darasin da ya wuce shi, malami ke buɗe littafin fiƙihu, matar aure ke bin ƙagaggen labari babi bayan babi, ɗan kasuwa kuma ke tambayar farashin wake kafin ya ɗora buhu a mota. Wannan bayani zai duba yadda aka zo nan a gundumomin Gazawa, Agye da Gidan Rumji, abin da waya ta karɓa daga hannun ɗakin karatu, da ayyukan da har yanzu ba ta iya yi ba.

Yankin da ake magana a kai

Gundumomin uku suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Mai tahowa daga Yamai zai fara isa Gidan Rumji kafin Maraɗi, daga nan sai Cadawa, Agye, Gazawa, ya wuce Tasawa zuwa Damagaram. Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Agye, kuma ta ƙunshi komin biyu: Gazawa da Gangara. Agye ta rage da Agye da Cadawa. Gidan Rumji tana da komin biyar: Gidan Rumji, Cadakori, Gidan Sori, Saye Sabuwa da Tsibiri, inda fadar Sarkin Gobir take.

Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Maraɗi na da mutane kusan miliyan 3.4, mafi yawansu manoma da makiyaya da ƴan kasuwa. Abubuwa uku ne ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan, don su ne ke bayyana sauran labarin. Na farko, a ƙasar Nijar manyan da suka iya karatu da rubutu na boko ba su kai huɗu cikin goma ba, kuma adadin mata ya fi haka ƙanƙanta. Na biyu, wutar lantarki na isa ga kusan mutum ɗaya cikin biyar a faɗin ƙasa, a karkara kuwa ƙasa da haka sosai. Na uku, Najeriya na kusa: harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya. Duk abin da ya ɓulla a Kano ko Katsina da safe, kafin la'asar an ji shi a Gazawa.

Inda ake samun littafi kafin zuwan waya

Ɗakin karatu irin na Turawa, mai kantoci da rajistar aro, bai taɓa yin yawa a wannan yanki ba. Amma wuraren ajiye ilimi sun daɗe. Mafi tsufa shi ne zauren malami. Malamin da ya yi suna yakan tara littattafai a akwati ko a gafaka: Alƙur'ani rubutun hannu, Ahalari, Ishmawi, Risala, Ishriniya, da takardun waƙoƙin wa'azi cikin ajami. Almajiri yakan ari littafi ya kwafe da hannunsa, ta haka littafin ya yaɗu daga gari zuwa gari. Wani kaso na irin waɗannan rubuce-rubuce na ƙasar nan yana ajiye a Yamai, a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH, wanda ya samo tushe daga abin da Bubu Hama ya tara. Akwai kusan kundi 4,000 a can. Sauran suna hannun magada a cikin gidaje.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta buɗe ajujuwan yaƙi da jahilci, aka riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun karkara cikin harsunan ƙasa, irin su jaridar Ganga. A 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram. Cibiyar INDRAP ta ɗauki aikin shirya littattafan makaranta. Masana irin su Abdu Mijinguini sun rubuta ƙamus na Hausa da Faransanci. Duk da haka, littafin da ɗalibin lakwal ya fi sani shi ne kayensa, wanda yake kwafe darasi a ciki daga allo, domin littafin aji ɗaya sau da yawa yara da dama ne ke raba shi.

Ɗakunan karatu na jama'a sun zo ta hanyoyi uku. Akwai na gidajen matasa da al'adu, wato MJC, da ke manyan garuruwa. Akwai cibiyoyin karatu da raya al'adu da aka sani da CLAC, tsarin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1980 domin ƙananan garuruwa, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da aka kafa su. Sai kuma cibiyoyin al'adu na haɗin gwiwa da Faransa a Yamai da Damagaram. Kusan duk littattafan waɗannan wurare da Faransanci suke, don haka masu shiga su ne ƴan kolaji da lise da malamansu.

Karatun nishaɗi na Hausa kuwa daga kudu ya riƙa zuwa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda aka fara bugawa a ƙarshen shekarun 1930, ta tsallako iyaka tun da daɗewa. Daga shekarun 1980 sai littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino. Mai teburin littattafai yakan ba da haya, a karanta a mayar, littafi ɗaya ya zaga gidaje har bangonsa ya yage. Wanda bai iya karatu ba, rediyo ne abokinsa: Muryar Sahel, sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, da rediyon karkara da suka fara yaɗuwa daga 1999.

Yadda waya da intanet suka iso

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, yana cikin na farko. Orange ta zo a 2008, ta sayar da harkarta a 2019, aka sauya suna zuwa Zamani Telecom. A 2016 gwamnati ta haɗe Sonitel da Sahelcom suka zama Niger Telecom. Tare da Moov, su ne kamfanoni huɗu da ake da su, hukumar ARCEP ce ke sa musu ido. A 2025 Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a ƙasar bisa izinin gwamnati, sai ga wuraren sayar da wifi suna ƙaruwa a cikin garuruwa.

A shekarun farko, intanet na nufin shiga shagon kwamfuta a Maraɗi a biya kuɗin awa. Abin da ya sauya lamarin shi ne arahar wayoyin Android, musamman Tecno da Itel, da kuma WhatsApp. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, aka saka masa saƙon murya a 2013, Facebook ya saye shi a 2014. Saƙon murya ne ya buɗe ƙofa ga miliyoyin da ba su yi boko ba: a danna, a yi magana da Hausa, a saki. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, Facebook ya yi haka a 2016. TikTok ya biyo baya da gajerun bidiyo, wanda shi ma ba ya buƙatar iya karatu.

Har yanzu masu shiga intanet kai tsaye ba su kai mutum ɗaya cikin uku ba a Nijar. Amma abin da ke intanet yana isa ga waɗanda suka fi haka yawa, ta hanyar da ba ta buƙatar rezo. Mai shagon caji, wanda ke aiki da fanon sola ko ƙaramin inji, sau da yawa shi ne kuma mai tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a katin ajiya na waya. Mutum ɗaya ya sauke abu, mutum goma su karɓa ta Xender ko Bluetooth a fada, ana shan shayi. Idan aka duba da kyau, wannan mai shago yana yin rabin aikin ma'aikacin ɗakin karatu: yana tarawa, yana jerawa, yana ba mutane abin da suka tambaya, har ya ba su shawarar abin da ya fito sabo.

Abin da ake karantawa da abin da ake saurare

Ɗalibai masu shirin BEPC da Bak suna da zaurukan WhatsApp na aji, inda ake tura hoton darasi, tsoffin tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, sun fi dogara da littattafan PDF da takardun darasi da ake turawa fiye da littafin da ke kan kanta. Ga ɗan ƙauyen Gangara da ya ci jarrabawar shiga kolaji, wannan babban sauyi ne, domin littafin da mahaifinsa ba zai iya saye ba yana iya samun hotonsa kyauta.

A ɓangaren addini, manhajar Maktaba Shamila ta tara dubban littattafan Larabci a wuri ɗaya, abin da a da sai malami ya yi shekaru yana saye ko ya aika a taho masa da shi daga Makka. Tafsirin azumi na malaman Nijar da na Najeriya yana yawo a waya duk shekara. Makarantun Islamiyya na mata suna amfani da saƙon murya wajen bitar hadda.

Littattafan soyayya ma sun ƙaura. Marubuta da yawa, galibinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, Facebook da Wattpad. Sukan ba da farkon labarin kyauta, mai son ci gaba ya biya a saka shi a zaure na musamman. Wasu kuma suna karanta littattafan da murya a YouTube, a saurara ana girki ko ana ɗinki. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta ƙara fito da marubuta mata, ana aika labari ta intanet daga ko'ina. Wanda ya yi asara a nan shi ne mai teburin haya, da maɗaba'ar da ke buga littafin.

Rubutun kansa ya sauya. Matasa da dama da suka bar lakwal da wuri sun koma rubutu saboda waya, amma kowa da irin ƙa'idarsa. Ɗan Nijar yakan rubuta Hausa da salon Faransanci, ya sa "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", alhali ƙa'idar rubutun Hausa ta ƙasa da aka tsayar a 1999 ta yi kusa ƙwarai da ta Najeriya. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ana yawan barin su, duk da cewa allon rubutu na wayar Android yana da Hausa ga wanda ya zaɓa.

Kasuwa, ci-rani da zumunci

Amfanin waya ga kasuwa ba zato ba ne, an auna shi a nan Nijar. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar tsakanin 2001 da 2006. Ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina yin doguwar tafiya kafin ya san farashi. Ita ce kuma ta bi shirin yaƙi da jahilci na ABC a jahohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, inda aka koya wa manya amfani da waya tare da karatu, aka ga sun fi takwarorinsu riƙe abin da suka koya. Dalilin a fili yake: wanda ke rubuta saƙo kullum ba ya mance baƙi.

A yau dillalin wake ko aya ko riɗi yana tura hoton kaya kafin mota ta taso. Mai sayar da rago gab da Babbar Salla yana ɗaukar bidiyo ya aika wa mai saye a Yamai. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu turaren wuta, atamfa, ƙuli-ƙuli da kayan ɗaki, suna tallata hajarsu a status. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, da masu adashe da foyandi, suna tunatar da juna ranar zubi ta waya.

Ɗan ci-rani da ke Legas, Abidjan, Aljeriya ko Libiya yana ganin jaririnsa ranar suna. Kuɗin da a da sai an jira mai dawowa gida, yanzu ana turo su ta Nita, Amana ko Al Izza, a aiko da lambar karɓa ta saƙo. Sanarwar rasuwa da gayyatar ɗaurin aure, waɗanda ake kai wa gidan rediyo ko a aiki yaro da goro, kan riga kowa isa ta WhatsApp. A Gidan Rumji, inda dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka fara shigowa a 2019, waya ce igiyar da ta riƙe dangin da rikici ya raba. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ita ce ta ci gaba da haɗa ƴan uwa na Maraɗi da na Katsina har aka buɗe a watan Maris na 2024.

Akwai kuma farashin da ake biya. Kuɗin forfe ya shiga cikin cefane. Iyaye na kuka da ɗalibin da ke kwana a TikTok. Malamai na kuka da aikin gida da aka kwafo ba a fahimta ba. Hoto ko muryar da aka tura a asirce kan fita fili, ya kashe aure ko ya ɓata sunan yarinya. Ƴan damfara kan kira su ce an turo kuɗi bisa kuskure, ko su yi alƙawarin tallafi ko aikin yi idan an biya kuɗin rajista.

Ayyuka uku da waya ba ta yi

Ɗakin karatu, ko na MJC ne ko zauren malami, yana yin ayyuka uku bayan ajiye littafi. A nan ne gibin yake.

Na farko, tantancewa. Littafin da ke kan kanta yana da sunan marubuci, maɗaba'a da shekara. Malamin zaure yana iya faɗin wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da malaminsa. Saƙon murya da aka tura sau ɗari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, jita-jita ta bazu a Najeriya cikin dare ɗaya cewa wanka da shan ruwan gishiri na kare mutum. Mutane da dama sun kwanta asibiti, an kuma samu waɗanda suka mutu. Irin haka ta maimaitu lokacin korona a 2020, kuma takan taso duk lokacin rigakafi. A yankin da ke fama da ƴan bindiga, saƙon ƙarya cewa an shigo wani gari kan iya watsa kasuwa ko ya jawo a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga matsalar: a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya, a 2020 ya mayar da saƙon da aka yawaita turawa, mai alamar kibiya biyu, zuwa wuri ɗaya.

Na biyu, adanawa. Takardar ajami da aka kiyaye daga gara da ruwan sama tana iya kai shekara ɗari biyu. Waya ba ta cika wuce ƴan shekaru ba, katin ajiya yana lalacewa, kuma idan waya ta cika abin da ake fara sharewa shi ne tsohon abu. Dandalin intanet ma yana mutuwa: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Haka rezo kan yanke. An katse intanet na waya a Nijar na kusan kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021. A Satumbar shekarar aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Duk wanda karatunsa ya rataya a kan rezo da caji kawai, ranar da suka ɗauke ba shi da abin karantawa.

Abin da ya fi muhimmanci a adana shi ne abin da babu shi a ko'ina sai nan: tarihin sarautun Gobir da Katsinar Maraɗi kamar yadda dattawa da maroƙa suka riƙe shi, kirarin garuruwa, waƙoƙin noma da na daka, da ilimin manoman Agye kan barin kututture ya sake tsiro a gona, dabarar da ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna da ita har baƙi ke zuwa koyo. Ana ɗaukar irin waɗannan a waya kullum, amma ba a rubuta sunan mai magana, ko wuri, ko rana, kuma babu inda ake tara su.

Na uku, buɗe ƙofa ga kowa. Ɗakin karatu na jama'a kyauta ne ko kusan kyauta. Intanet kuwa sai da waya mai tsada, da caji, da forfe. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida. Ɗalibar da ba ta da waya ba ta cikin zauren ajinsu, darasin da aka tura da dare sai ta ji labarinsa da safe. Haka tazara ke ƙaruwa tsakanin ɗan gari da ɗan ƙauye, da tsakanin namiji da mace.

Abin da doka ta ce

Mai tura saƙo ya kamata ya san cewa Nijar tana da dokar yaƙi da laifuffukan intanet tun watan Yuli na 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yuni na 2024 aka mayar da shi. Ɓata suna ko zagi ta hanyar intanet na iya jawo ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tara. Yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ko ya zubar da mutuncin ɗan Adam na iya jawo shekara 2 zuwa 5. Ƙungiyoyin ƴan jarida da na kare haƙƙin ɗan Adam sun soki dokar, suna cewa ana iya amfani da ita a rufe bakin masu suka. Ko mene ne ra'ayin mutum a kanta, cewa "ni ma turo mini aka yi" ba hujja ba ce da za a dogara da ita.

Sabon aikin ɗakin karatu

Abubuwa biyu sun faru a watan Maris na 2025 da suka shafi makomar ɗakunan karatu. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ita ce uwar tsarin CLAC. Sannan kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Kafin nan, a 2024, an sauya wa cibiyar al'adu ta Jean Rouch da ke Yamai suna zuwa ta Mustafa Alasan. Ma'anar wannan ita ce nauyin ɗakunan karatu ya ƙara komawa kan gwamnati da komin-komin da jama'ar gari, kuma buƙatar littattafan Hausa a kan kanta ta ƙaru.

Kayan aikin da ake buƙata suna nan, wasu ma kyauta. Manhajar Kiwix tana ba da damar ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a kwamfuta ɗaya, mutane su karanta ta wifi na cikin ɗaki ba tare da intanet ba. Shafin African Storybook yana da littattafan yara cikin Hausa da aka yarda kowa ya sauke ya buga. Ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta ƙera akwatin karatu na tafi-da-gidanka da ake kaiwa sansanonin ƴan gudun hijira da ƙauyuka. Shirin ƙauyuka na zamani, wanda Bankin Duniya ya amince ya ba dala miliyan 100 a 2020, an tsara shi ne don kai rezo da cibiyoyin intanet karkara.

Ɗakin karatun da zai yi amfani a Gazawa ko Cadawa ko Tsibiri a yau yana buƙatar fanon sola da fitila, domin ɗalibi ya yi bita da dare ya kuma yi caji. Yana buƙatar littattafan manhajar makaranta na takarda, waɗanda ba sa jiran rezo, da littattafan Hausa na boko da na ajami. Yana buƙatar sa'o'i na musamman ga mata da ƴan mata. Sama da duka yana buƙatar ma'aikaci mai albashi da ya iya nuna wa mutum yadda ake bin diddigin labari, ya kuma iya ɗaukar muryar dattijo ya rubuta sunansa da garinsa da ranar, ya ajiye kwafi a wuri biyu. Gidan rediyon karkara, wanda ya riga ya saba da naɗar murya, shi ne abokin aikin da ya fi kusa.

Abin da kowa zai iya yi da wayarsa

Kafin ka tura saƙo, ka tambayi kanka wa ya faɗa, yaushe, a ina. Idan babu amsa, ka riƙe shi. Saƙo mai kibiya biyu, ko mai cewa a tura wa mutum goma, ya cancanci ƙarin shakka. Labarin lafiya a tambayi ma'aikacin asibiti, na addini a tambayi malamin da aka sani, na tsaro a jira rediyo ko mai gari. Kada a ba kowa lambar sirri da ta shigo ta saƙo, ko da ya ce daga kamfanin waya yake. Littafin da marubuciya ta sa wa kuɗi, tura shi kyauta cin haƙƙinta ne.

Wanda ke da tsoffin takardu a gida ya ɗauke su hoto shafi-shafi da hasken rana, ya rubuta sunan mai su, ya bar asalin a busasshen wuri nesa da gara. Wanda ke da kaka ko kakan da ya san tarihin gari ya zauna da shi ya naɗi muryarsa tun yana da ƙarfin magana, ya ba wa wani ɗan uwa kwafi, kada ya bar shi a waya ɗaya.